In aka ce naman Legas ya gurɓata, me ya kamata hukuma ta fara yi?

Malam Habu Agege:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Layya na ƙaratowa, kun kuma san halin garin nan: tireloli na fara sauke shanu da raguna a Kara da Alaba Rago da Oko-Oba, saƙonnin murya za su cika WhatsApp, wannan ya ce an yayyafa wa nama maganin gawa, wancan ya ce shanun bana duk masu cuta ne. A 2023 abin ya wuce ji-ta-ji-ta. A watan Yuni ma'aikatar noma ta tarayya ta ja kunnen jama'a kan ganda da naman daji saboda ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antaraks, da ya ɓulla a arewacin Ghana. A Yuli aka tabbatar da shi a wata gona a Gajiri, ƙaramar hukumar Suleja. Kafin watan ya fita gwamnatin Legas ta ce ta ƙone dabbobi shida ta binne. Tambayata ga mahauta da fatake da likitocinmu: ina hukuma ta yi daidai, ina ta kauce, kuma me ke dawo da mai saye gaban tebur bayan ya tsorata? A yi magana da hujja don Allah, ban da zagi.

Alhaji Ɗanlami Oko-Oba:
Wa alaikumus salam. Kuskuren farko sanarwa ce marar adireshi. An ce a guji ganda, ba a ce gandar wace kasuwa ba, ba a ce fatar da ta shigo ta wace iyaka ba. Mai saye kuwa ba ya zama ya rarrabe ganda da tsoka, ya ji an ambaci saniya, shi ke nan, sai ya koma kifi da kaza.

Ku fahimci yadda fawa take a nan. Yawancin mahauta ba da kuɗin hannu suke ɗaukar sa ba. Da asuba dillali zai ba ka, ka yanka, ka sayar, ka biya da yamma ko washegari. Kuɗin tsoka da ƙyar yake mayar da uwar kuɗi, ribar tana cikin fata da kai da ƙafa da kayan ciki. Ranar da ganda ta ƙi tafiya ribar ta tafi. Ranar da tsoka ma ta ƙi tafiya, ga nama a tebur har la'asar, ba ɗakin sanyi, ga dillali na jira. Me kuke zaton mutum zai yi? Zai sa shi a ƙanƙara rabi da rabi, gobe ya cakuɗa da sabo. Wato firgitar da aka yi don a kare mutane ita ce ke sa su ci kwantan nama.

Dakta Zainab:
Baba Alhaji, na yarda da rabin maganarka, amma a kan ganda ba su yi ƙarya ba. Tsoka ana cin ta ne kusa da inda aka yanka, likita na iya ganin dabbar. Busasshiyar fata kuwa tana iya ƙetare ƙasa biyu ko uku, ba wanda ya san ko daga mushe aka feɗe ta. Ƙwayar ciwon saifa da zarar ta sha iska sai ta yi wa kanta ɓawo, a cikin wannan ɓawon tana iya shekaru gommai a ƙasa ko a jikin fata. Babbaka ba ta isa a dogara da ita ba.

Inda suka gaza shi ne gaya wa mutane abin da za su duba da abin da za su yi. Saniya ko tunkiya ta faɗi matacciya farat ɗaya, jiya lafiyarta ƙalau. Baƙin jini kamar kwalta na tsattsafowa ta hanci da baki da dubura, kuma ba ya daskarewa. Cikinta ya kumbura da wuri, gaɓoɓinta ba su sandare yadda mushe ke yi ba. Wanda ya ga haka kada ya sa mata wuƙa, kada ya ja ta a ƙasa, kada ya ce bari in ceci fatar. In ba a buɗe ta ba, zafi da ruɓa kan kashe yawancin ƙwayoyin da ke ciki cikin 'yan kwanaki. In an buɗe, an shuka cutar a wannan filin. A toshe kafofin da auduga, a rufe da leda mai kauri saboda ƙudaje da karnuka, a kira likitan dabbobi. Ɗigon jini kaɗan zai ɗiba a jijiyar kunne, ya shafa a gilashi, ya rina, ya duba a madubin likita, a ranar zai samu haske. Tabbacin ƙarshe ne ake turawa cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato.

Sai zubarwa. Littafi ya ce rami ya kai zurfin mita biyu, nesa da rijiya. To a Legas unguwa nawa ce za ka haƙa mita biyu ba ka tarar da ruwa ba? Shi ya sa ƙonewa ta fi a nan, a ƙone har ta zama toka, haɗe da ƙasar da jinin ya zuba. Sauran garken a killace su kwana 20 daga mutuwar ta ƙarshe.

Alhaji Buba Kara:
Dakta, duk abin da kika lissafa gaskiya ne, amma kin tsallake tambaya ɗaya: wa zai kira likitan?

Tirela ta taso daga Potiskum ko Maigatari ko Illela da shanu wajen talatin, kwana biyu zuwa uku a hanya, ta Mokwa da Jebba da Ilorin, ga shingaye ga rana. Babban sa yanzu ya haura naira miliyan ɗaya. Ɗaya ta kwanta a mota, yaran mota sun san umarnin da aka ba su: kada ta mutu ba a yanka ba. Su kai mata wuƙa, a sayar da ita a garin da aka fara tsayawa. Mafi yawan lokaci gajiya ce da tattakewa, ba cuta ba. Amma yaron mota ba shi da hanyar bambancewa, kuma ko ya yi zargi ba zai faɗa ba, don ya san in hukuma ta ji, ba saniya ɗaya za a ƙwace ba, motar duka za a tsare kwana 20, ciyawa da ruwa a aljihun mai kaya, shanu na ramewa, a ƙarshe ba ko sisin diyya. An mai da faɗin gaskiya hanyar talauci, sannan ana mamakin me ya sa ake ɓoyewa.

Malam Habu Agege:
Alhaji, ai akwai tsoron Allah kuma. Mushe haramun ne, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Alhaji Buba Kara:
Babu ja, Malam. Amma wanda ya riski dabba da sauran rai ya yanka, a ganinsa halal ya sayar. Ba mushe ne matsalar ba, yankan gaggawa ne. Nan ne ya kamata malamai su yi bayani a mumbari: yanka ya inganta daban, nama ya zama mai cutarwa daban.

Barista Auwal:
Maganar diyya ba sabuwa ba ce, mun taɓa gwadawa. A Fabrairun 2006 da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, gwamnatin tarayya ta sa diyyar naira 250 kan kowace kaza da aka hallaka. Kuɗin bai kai farashin kasuwa ba, kuma ba a biyan wadda ta riga ta mutu da kanta, sai wadda jami'ai suka kashe. Sakamakon a fili yake: mai gona na ganin kaji sun fara zuba sai ya yi maza ya kai sauran kasuwa. Daga baya aka ƙara kuɗin, amma cutar ta riga ta zaga jihohi, har ta kashe wata matashiya a nan Legas a farkon 2007. Darasin shi ne diyya ta kusanci farashin kasuwa, ta fito cikin makonni, kuma wanda ya kai rahoto da kansa ya fi samun kaso a kan wanda aka kama.

Abu na biyu, nama a Najeriya maraya ne mai iyaye da yawa. Tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi kula da kwata da kasuwanni. Duba lafiyar dabba da nama aikin likitocin jiha ne. Iyakokin ƙasa da manyan annobar dabbobi na tarayya ne, ƙarƙashin dokar da aka yi a 1988 aka sabunta a 2022, ga kuma sabuwar ma'aikatar kiwo da aka kafa a 2024. NAFDAC ta fi ƙarfi a kan abin da aka sarrafa aka ƙunshe. In cuta ta kama mutum, sai NCDC, wato hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, da ma'aikatar lafiya su shigo. Ƙari a kan haka, kasuwar Kara da ke ciyar da Legas a ƙasar Ogun take. To ranar tashin hankali wa zai yi magana? In kowa ya fitar da tasa takardar, mai saye zai gaskata mai saƙon murya, don shi maganarsa ɗaya ce.

Hajiya Talatu Idi-Araba:
Ni ta ɓangaren masu saye zan yi magana, musamman masu dafa abincin biki da na sayarwa. Kullum ana cewa a sayi naman da likita ya duba. Ta yaya za a gane shi? Hatimin da ake bugawa a cinya da kafaɗa, kafin nama ya iso Mushin ko Mile 12 an yanyanka shi, hatimin ya bi wani yankin ya tafi. Abin da ya rage wa mace shi ne idonta da hancinta: ja mai haske ba baƙi-baƙi ba, in ta danna da yatsa ya dawo, ba yauƙi, ba tsami. Hanta a sa mahauci ya tsaga ta a gabanki, in hanyoyin cikinta sun yi fari sun yi tauri kamar bututu, tsutsar hanta ce. Huhu in da ƙulli-ƙulli masu kama da cuku, a bar shi. Amma wannan duk ba ya nuna maganin da aka ɗirka wa dabba, ba ya nuna guba.

Sannan a daina yaɗa zancen nan na cewa naman da ƙuda ba ya sauka a kansa shi ne mai maganin gawa. Mai tebur mai tsafta da ya sa gilashi ko raga sai a riƙa zarginsa, mai ƙazanta ya zama shi ne amintacce. Wannan wace irin hujja ce?

Malam Isiyaku Duba-gari:
Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ciwon saifa sau ɗaya yake zuwa a shekaru, ya cika jaridu. Abin da ke kwantar da mutane a asibiti kullum shi ne kashin saniya da ya taɓa nama, kuma ba wanda ke kiran taron manema labarai a kansa.

Ku bi sa daga saukarsa. Ya kamata ya huta a turke awa 12 zuwa 24, ga ruwan sha, likita ya gan shi a tsaye yana tafiya kafin yanka. Sa ɗin da aka sauke daga mota aka yanka nan take, namansa kan fito baƙi, busasshe, ya kuma riga kowane lalacewa, don wahala ta cinye sukarin da ke tsokarsa. Bayan yanka, in a ƙasa aka feɗe, fatar ce tabarma, kuma bayan fatar kashi ne da taɓo. Wuƙar da ta tsaga fata ita ce ta shiga tsoka. A ƙa'ida wuƙa biyu ake riƙewa, ɗaya a hannu ɗaya a ruwan zafi mai digiri 82, ana musanyawa. A ɗaure maƙoshi da ƙarshen hanji kafin a fito da tumbi. In tumbi ya fashe a kan nama, yanke wurin ake yi a zubar, ba a watsa ruwa ba, don ruwa baza ƙazantar yake yi. Balle a ce bokiti ɗaya ne aka wanke hanji a ciki aka dawo aka wanke cinya.

Sai ɗauka. Jihar Legas ta hana ɗaukar nama a kan acaɓa da buɗaɗɗiyar mota, ta kawo motocin nama masu rufi. Tsari ne mai kyau, amma mota mai rufi da na'urar sanyinta ba ta aiki tanda ce. Nama ana so cikinsa ya sauka zuwa digiri 7, kayan ciki digiri 3. A zafin Legas ƙwayar cuta na iya ninka kanta duk minti 20. Ku lissafa daga yankan ƙarfe shida na safe zuwa mai sayen ƙarfe huɗu na yamma.

Nura Obalende:
Duk wannan lissafin a kan mai tsire yake ƙarewa. Ana jin ji-ta-ji-ta, tukuba ce ta farko da ake ƙaurace wa, har a haɗa da zagin Bahaushe. Alhali mu namanmu wuta yake sha. Me zai rayu a kan garwashi?

Dakta Zainab:
Nura, abubuwa uku ne wuta ba ta maganinsu. Na ɗaya ɓawon ƙwayar saifa da na faɗa. Na biyu dafin da wasu ƙwayoyi ke zubarwa in gasasshen nama ya daɗe a ajiye da ɗumi-ɗumi ana taɓa shi da hannu: ka mayar kan wuta ka kashe ƙwayar, dafin na nan, mutum ya ci, cikin awa kaɗan amai ya turnuƙe shi. Na uku ragowar magani. Allurar oksitetarasaikilin mai dogon aiki, wadda fatake ke yi wa dabba don ta jure hanya, tana buƙatar mako uku zuwa huɗu kafin a yanka. Ta ibamektin, maganin tsutsa da kaska, ta fi haka, wata guda ne da ɗoriya. Kwanakin na rubuce a jikin kwalba. In ka ga tabo ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa a cikin tsokar wuya ko ta cinya, wurin allura ne, kuma alama ce ba a daɗe da yin ta ba.

Amma ga abin da ke hannunka. Tsakiyar nama ya kai digiri 75, ba bayansa kaɗai ya ƙone ba. Faranti da wuƙar ɗanye daban, na gasasshe daban. Albasa da tumatir da kabeji da ake yankawa da wuƙar ɗanyen nama sun fi tsiren kansa haɗari. Ƙuli-ƙulin da ɗanyen nama ya kwanta a ciki kada a barbaɗa shi a kan gasasshe. Fiya-fiya da Sniper kuwa kada su kusanci inda ake shanya kilishi, ko da sunan korar ƙuda.

Alhaji Ɗanlami Oko-Oba:
Tunda an zo kan wuta, a faɗi ta ganda ma, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Babbaka da tsohuwar taya da robobi da baƙin mai ana yin ta, don sun fi itace araha kuma wutarsu ba ta mutuwa da wuri. Hayaƙin yana shiga fatar, wanki ba ya fitar da shi duka. Hanyar da ta dace ruwan zafi ne da kankarewa, wato farar ganda, ko wutar gas. In hukuma ta kafa murhun gas na haɗaka a kwata, ana biyan kuɗi kaɗan kan kowace fata, taya za ta mutu da kanta. In kamu kawai za a yi, za a koma bayan katanga ne. Ta 2019 da aka kama a Ojo da Iba kuwa wani abu ne daban: fatun da aka yi wa magani don masana'antar takalma ne aka karkatar zuwa tukunya. Wannan a tashar jirgin ruwa da kan iyaka ake tare shi, ba a teburin tsohuwa mai kasa ganda ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Barista Auwal:
Kan tambayar Malam Habu ta dawo da amana, akwai misalin da ya kamata kowane kwamishina ya sani. A Ingila lokacin ciwon haukan shanu, a 1990 ministan noma John Gummer ya tsaya gaban kyamara yana ba ƙaramar 'yarsa naman sa don ya nuna ba komai. A Maris 1996 gwamnati ta dawo ta amsa cewa da alama cutar na kama mutane. Turai ta rufe ƙofa ga naman Ingila, ba a gama buɗewa ba sai 2006. Abin da ya dawo da kasuwar ba cin nama a talabijin ba ne. An cire duk saniyar da ta haura wata 30 daga abincin mutane ana biyan masu ita, an yi wa kowace saniya takardar shaida da ke bin ta daga haihuwa zuwa mayanka, sannan a 2000 aka kafa hukumar lafiyar abinci daban da ma'aikatar noma. Dalilin rabawar shi ne wanda aikinsa bunƙasa cinikin nama ba shi ya kamata ya ce nama lafiya lau ba.

Afirka ta Kudu kuma, a annobar listeriya ta 2017 zuwa 2018, wato cutar da ake ɗauka daga gurɓataccen abinci, mutum sama da 1,000 suka kamu, sama da 200 suka mutu. Da aka gano tushen, ministan lafiya ya fito a Maris 2018 ya ambaci masana'antar da kayan da abin ya shafa, aka janye su daga kantuna. Ambaton suna ya yi wa kamfanin zafi, amma ya nuna wa jama'a abin da za su zubar daga firjinsu.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014. Kusan kullum hukuma na fitowa da adadi: nawa suka kamu, nawa ake bibiya, nawa aka sallama. Ji-ta-ji-tar wanka da ruwan gishiri ta yi ɓarna, amma adadin da ake bayarwa a kai a kai ya rinjaye ta, zuwa 20 ga Oktoba aka ce ƙasar ta fita. Garin da ya iya wannan ba zai kasa liƙa allo a ƙofar kwata ba: yau an duba shanu kaza, an hana yanka kaza, an ƙwace hanta kaza da huhu kaza, ga dalili.

Hajiya Talatu Idi-Araba:
Barista, allon nan ba zai ƙara tsorata mutane ba? A ce yau an samu tarin fuka a huhu goma?

Barista Auwal:
Makon farko zai tsorata su, Hajiya. Amma kwatar da ta ce shekara guda ba ta ƙwace ko hanta ɗaya ba, ke za ki yarda ana dubawa?

Malam Isiyaku Duba-gari:
Ni ina ganin in an samu tabbacin guba ko cuta, a rufe kwatar nan take. A 2024 da aka ce naman shanun da suka ci guba ya shiga kasuwar Mandate a Ilorin, gwamnatin Kwara ta rufe mayankar na 'yan kwanaki, ta ƙwace naman da ake zargi, aka yi feshi. Wannan ya nuna wa jama'a akwai mai tsaro.

Alhaji Ɗanlami Oko-Oba:
Malam Isiyaku, Ilorin daban, Oko-Oba daban. Ka rufe Oko-Oba kwana uku, kana zaton Legas za ta yi azumin nama? Yanka zai koma bakin kwalbati da kangon gini da gefen kogi, inda ba likita ko ɗaya. A rufe shiyyar da abin ya faru, a wanke da sinadarin kashe ƙwayoyi, a tsare shanun da suka zo mota ɗaya da mai cutar, sauran a ci gaba da yanka, a ninka likitoci. Ƙarancin likitocin shi ne ciwon. Duba sa ɗaya yadda ya kamata, a tsaga naman kumatu da harshe da zuciya don tsutsa, a tsaga kaluluwar huhu, a buɗe hanta, a duba saifa, yana cin mintuna. Yanka kuma kusan duk a awa uku na safiya ake yin sa. In mutum biyu ne a kan ɗaruruwan shanu, hatimi kawai ake bugawa.

Malam Isiyaku Duba-gari:
Na karɓi gyara a kan rufe shiyya. Sai dai "shanun da suka zo mota ɗaya" ɗin nan, wa ya san su bayan an sauke sun gauraya?

Dakta Zainab:
Shi ya sa muke ta kiran a sa wa kowace dabba lamba a kunne tun daga garke.

Alhaji Buba Kara:
Dakta, sa ɗaya kafin ya iso Legas ya canja hannu sau huɗu ko biyar, wani daga Chadi ya taso, wani Nijar, wani Kamaru. Makiyayi kuma yana jin an ce lamba, jangali yake tunowa. Ku fara da abin da ke ƙasa. Ba san da ke hawa mota ba tare da alamar fenti ta mai shi a gadon baya ko ƙaho ba. Ba motar da ke tashi ba takardar lodi ta ƙungiya. Kowane bafatake yana da maigidan da yake sauka wurinsa, kuma maigidan yana rubuta wane mahauci ya ɗauki wane sa, don bashi ne, ba ya wasa da shi. Ashe littafin bibiya yana nan, na kuɗi ne kawai ba na lafiya ba. A ƙara abu uku: lambar mota da kasuwar da ta taso a rubuta a ƙofar shiga, a fesa wa shanun kowace mota lamba ɗaya kafin su sauka, mahauci kuma a ba shi 'yar takarda mai wannan lambar ya rataye a teburinsa. Hajiya ta samu abin dubawa a madadin hatimin da aka yanke. In matsala ta taso, cikin yini guda an san mota, an san tebura, an bugo wa Potiskum waya.

Amma in sake maimaitawa, ba maigidan da zai buɗe littafinsa in ya san buɗewar na nufin a ƙone dukiyar baƙonsa a sallame shi hannu rabbana. A cikin kuɗin shiga da ake karɓa kan kowane kai, a ware wani abu a asusun diyya, ƙungiyar fatake da ta mahauta su sa hannu tare da gwamnati kafin a fitar da ko kwabo.

Nura Obalende:
Asusun da za a wayi gari an ce ɓera ya cinye?

Alhaji Buba Kara:
Shi ya sa na ce hannu uku, ɗana. Kuma a liƙa lissafinsa a allon Barista.

Malam Habu Agege:
Dakta, kafin a watse, masu layya da masu watanda fa? Su ba ta kwata suke bi ba, a ƙofar gida ake kayar da sa. Wasu na tambaya ko su yi wa dabbar allurar rigakafin saifa da sun saya.

Dakta Zainab:
A'a, Malam, kada su yi. Rigakafin saifa na dabbar da za a ci gaba da kiwo ne, sau ɗaya a shekara, kuma a garke ya kamata a yi shi tun kafin a ɗoro ta a mota. Yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya fara kare ta, ba a haɗa shi da allurar kashe ƙwayoyin cuta don tana kashe shi, sannan akwai jiran da ake yi kafin yanka, wani har mako shida. Wanda ya yi wa ragonsa saura kwana biyar Sallah ya ɓata kuɗinsa ya kuma ɓata naman.

Abin da za su yi shi ne su sayi dabbar da sauran kwana biyu ko uku, su sa mata ido: tana ci, tana tuƙa, hancinta da danshi, ba ta ware kanta gefe. Su tambayi mai ita yaushe aka yi mata allura ta ƙarshe. Mai fiɗa in yana da rauni a hannu ya rufe shi ko ya ba wani wuƙar. In an buɗe ciki aka ga saifa ta kumbura ta yi baƙi ta yi laushi, jini kuma ya ƙi daskarewa, a tsaya nan, kada a raba ko tsoka ɗaya, a wanke hannu da sabulu, a nemi ofishin likitan dabbobi mafi kusa. Wanda kuma bayan kwana biyu zuwa bakwai ya ga ƙurji a hannu ko wuya, mai ƙaiƙayi, ba zafi, tsakiyarsa ya yi baƙi kamar gawayi, kada ya matse, kada ya tsaya shafa man zafi. Ya je asibiti ya ce ya taɓa dabba, ko a kira NCDC a 6232. Irin na fata yana jin magani in an fara da wuri.